Baba Rafi'u da Takardar Harajin Tsofaffin Kamfanin Sabulu

Duk mai bin layin teloli na unguwar Hindawiyya a Jidda da hantsi ya san teburin nan. Ƙarami ne, na ƙarfe, an jingina shi da bangon shagon Ubale tela. Baba Rafi'u kan fito da farar jallabiyarsa, ya tsaya wurin mai tamis, wato burodin tanderu, ya ci burodinsa da wake a can, don ba ya yarda maiƙo ya kusanci takardun mutane. Ya wanke hannu, ya goge tabarau da bakin rawani, sannan ya zauna. Kafin shayinsa ya huce tsofaffi sun fara isowa, kowa da ledar takardunsa a hammata.

Ni mutumin Damagaram ne, a unguwar Safa nake zaune, ɗinki ke kai ni wurin Ubale. Shekara da shekaru ina gaida dattijon nan in wuce, a zatona mai cika wa mutane takarda ne irin waɗanda ake gani a bakin kowane ofis. Sai a watan jiya, wurin walimar sallamarsa, na ji abin da har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Bahaushen Sudan ne, haifaffen Mai Wurno. Ya sauka Jidda a 1976, ya yi aiki a ofishin albashi na wani kamfanin sabulu a Madinar Masana'antu har ya yi ritaya a 2000. Mai kamfanin mutum ne mai kara. Duk ma'aikacin da ya tsufa a hannunsa ba ya soke masa iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar. Yakan ci gaba da zama kafilinsa, mai tsaya masa a wurin hukuma, ya bar shi a gidan kamfani da ke Hindawiyya, ya bar masa katin asibiti shi da matarsa, ya kuma ba shi tikitin zuwa gida bayan kowace shekara biyu. Da wannan tsofaffin ke rayuwa.

To, mutanen Sudan mazauna waje suna da harajin da ƙasarsu ke karɓa a hannunsu, kuma wanda bai daidaita nasa ba, in ya je gida fitowa takan yi masa wuya. Cika takardar wannan haraji ita ce aikin da Baba Rafi'u ya ɗora wa kansa tun ranar da ya bar ofis, ba tare da karɓar ko sisi ba. Ubale ya ce ya haddace yadda hirar ke gudana, don kullum iri ɗaya ce.

"Hajji, me kamfani ke ba ka har yanzu?"

"Ba komai, Malam Rafi'u. Ai na bar aiki, halas, shi ke nan."

"Gidan da ka kwana jiya fa, wa kake biya haya?"

"Wannan ai kyauta ce."

"Katin da ka kai uwargida asibiti da shi?"

"Haba, ya zol, bawan Allah! Har ciwon mutum sai an rubuta?"

"Ba ciwon za a rubuta ba, katin za a rubuta. An tambaye ka abin da tsohon wurin aikinka ke ba ka. Kyauta ce, na yarda, amma ta shigo hannunka."

Daga nan sai ya ajiye biro ya jira. Ba ya rubuta abin da mai takarda bai amince ba, ba ya kuma rubuta abin da ya san ba gaskiya ba ne. In mutum ya nace a bar gurbin babu komai, sai ya miƙa masa ledarsa da hannu biyu, ya ce Allah ya ba da sa'a.

Bai yi farin jini da wannan hali ba. Akwai wani mu'aƙƙibi, wato mai yi wa mutane zirga-zirgar ofisoshi a biya shi, wanda ke gaya wa tsofaffin su rubuta cewa ba su da aiki ba su da samu, shi zai san yadda zai yi. Da yawa suka koma wurinsa. Aka riƙa cewa Rafi'u ɗan leƙen asirin hukuma ne. Ubale ya ga ranar da wani dattijo ya watsa masa takardu a fuska a gaban jama'a. Ya ce Baba ya sunkuya ya tsince su ɗaya bayan ɗaya, ya kaɗe ƙasa, ya jera su yadda suke, ya bi mutumin har bakin titi ya ba shi.

Kai ne ka haɗiye wannan, Baba, washegari ka sake fito da teburinka.

Yanzu ga abin da ya faru a walimar. An yi ta a farfajiyar gidan kamfani bayan la'asar, maza a waje, mata a bayan labule. An ci, an yi addu'a, ana shirin watsewa, sai wata murya ta fito daga wajen mata.

"Ku dakata. Ni Mastura ce, matar Hajji Usuman. Ina da magana."

Hajji Usuman na zaune kusa da ni a keken marasa lafiya, ɓarin jikinsa ɗaya a shanye. Tsohon direban kamfanin ne. Na ga Baba Rafi'u ya ɗago kai da sauri.

"Hajiya, mun yi alkawari," in ji shi.

"Alkawarin na zamanka a Jidda ne, Yaya Rafi'u. Jibi za ka tafi."

Ta ce a 2005 Usuman ya tafi Sudan jana'izar wansa. Ita ba ta bi shi ba, don a lokacin an riga an fara yi mata wankin ƙoda, kuma da katinsa ake yi. Da ya tashi dawowa ya je ofishin haraji a Khartum neman izinin fita. Ma'aikacin ya duba ya ga iƙamarsa na ɗauke da sunan kamfani, takardunsa kuma na cewa ba abin da yake samu daga kowa. Ya ce sai ya kawo wasiƙar kamfani ta asali, mai hatimi, wadda ta fayyace abin da ake ba shi, sannan a yi lissafin abin da ya wuce. Usuman na cikin waɗanda suka koma wurin mu'aƙƙibin nan. Aka nemi mutumin a waya, aka rasa.

Bizarsa ta fita-da-dawowa saura kwanaki kaɗan ta mutu. In ta mutu yana can, iƙamarsa ta tafi, ta matarsa ta bi ta, gida da kati sun tafi. Mai ciwon ƙoda kuwa ba ta da jira. Usuman ya koma masaukinsa a Omdurman da wannan tunani, ya yanke jiki ya faɗi wurin alwala. Da aka ɗaga shi baki ya karkace.

"Aka bugo mini," in ji Mastura. "Na fito ko takalmi ban sa daidai ba. Ban san wurin wa zan je ba. Kunyar Yaya Rafi'u nake ji, don mai gidana ne ya watsa masa takardu a fuska."

Na waiga na dubi Ubale, ya sunkuyar da kai, ashe shi ya sani bai taɓa faɗin suna ba. Hawaye na bin kuncin Hajji Usuman ta gefen da ke motsi.

Ta ce duk da haka ta je ta tsaya gaban teburin. Baba ya ce, "Zauna, Hajiya, faɗi." Da ta gama bai ce ai na gaya masa ba. Cewa ya yi, "Yalla, kawo mini duk takardar da ke gidan, ko ta mai ce."

Ya tafi kamfani. A lokacin, tsufa ya riga ya kwantar da mai kamfanin, ɗansa ke riƙe da ofis, kuma bai san Usuman ba. Baba ya zauna a bakin ƙofarsa tun safe har aka tashi, washegari ya koma, har yaron ya gaji ya saurare shi. Aka rubuta wasiƙar, aka bi ta da hatimai. Saura wanda zai kai ta. Gidan waya ba zai isar da ita a kan lokaci ba, dangin Usuman mutanen ƙauye ne da ba su san ƙofar ofis ba, shi kansa kuma ba ya iya tashi sai an ɗauke shi.

Baba Rafi'u na da tikitinsa na kamfani a ajiye. Ya tanade shi ne don ya je Mai Wurno ya yi azumi wurin mahaifiyarsa, Inna A'i, wadda ta tsufa ƙwarai, ido ya tafi. Shi ya kai aka buga masa.

A Khartum ya sake cika takardun Usuman tun daga shekarar da aka fara ɓoyewa, gida da kati da tikiti, bai rage komai ba. Ya bi layi, ya yi bayani, aka karɓi wani kaso, aka yarda a biya saura a hankali. Izini ya fito ana gobe bizar za ta mutu. Jirgi ɗaya ya rage, kuma ba za a ɗauki mai shanyewar jiki ba sai da ɗan rakiya. Daga Khartum zuwa Mai Wurno tafiyar yini ce a mota. Ba yadda za a yi ya je ya dawo.

Sai ya buga waya shagon da ke kusa da gidansu, aka riƙo hannun tsohuwa aka kawo ta. Usuman na kwance kusa da shi yana ji, shi ya ba matarsa labari da bakinsa ya saki.

"Rafi'u, an ce kana Khartum?"

"Ina Khartum, Inna."

"To yaushe za ka iso? Na sa an share ɗakinka."

Ya gaya mata komai. Can ta ce, "Matar tasa tana da wani in ba shi ba?"

"Ba ta da kowa a can, Inna."

"To kai mata mijinta. Allah ya yi maka albarka."

Ya tura Usuman a keke har cikin jirgi. Ya dawo Jidda ya fara tara kuɗin wani tikitin daga aljihunsa. Bai kai ga cika shi ba, a tsakiyar azumin shekarar aka bugo cewa Inna A'i ta rasu. Ƙanensa Na'ibi ne ya gaya masa, kuma cikin zafin rai ya ce da shi, "Yaya, kai inuwar giginya ne, na nesa ka sha ka." Na'ibi ya ajiye wayar.

Nan Mastura ta dasa aya. Ban san lokacin da na ce innalillahi da ƙarfi ba. Mutanen da suka yi shekara talatin suna sallah sahu ɗaya da shi sun saki baki suna kallonsa. Duk sun san ya yi tafiya a shekarar, amma a zatonsu gida ya je ya dawo da wuri. Sun zo masa gaisuwar mutuwa, sun ce ai ka gode wa Allah da ka gan ta kwanan nan, shi kuwa ya amsa da alhamdulillahi kawai. Shekara shida yana ɗauke da wannan shi kaɗai, a tsakiyarsu.

Ban gama farfaɗowa ba sai wani tsoho mai suna Isha'aku ya miƙe da sandarsa. Ya ce shi ma yana da shaida. Yana zaune a bencin Ubale a shekarar da ta biyo baya, ya ga Baba na cika tasa takardar, ya ga ya rubuta tikitin nan cikin abin da kamfani ya ba shi. Ya ce masa, "Rafi'u, ka je ka dawo cikin mako, me ka mora? Bar shi mana." Baba ya ce, "An ba ni, na hau jirgi. Takarda ba ta tambaye ni wurin wa na je ba." Isha'aku ya ce a lokacin dariya ya yi. Yau ga shi tsaye yana kuka kamar yaro.

Kai ne, Baba, aka zaga saboda ka ƙi rubuta ƙarya, kai ne kuma ka tsallaka teku don ka fitar da wanda ya zage ka daga ramin ƙaryar. Alƙalami mai tsoron Allah. Ka biya haraji a kan tafiyar da ta hana ka ganin mahaifiyarka, ba ka kuma taɓa buɗe baki ka ce ga abin da na yi ba. Ni dai ban san yadda zuciya ɗaya ke ɗaukar wannan ba.

Tun daga shekarar da aka dawo da Usuman tsofaffin suka dawo teburinsa, ba tare da sun san dalilin da ya sa Usuman ya fi kowa turo mutane ba. Yanzu idonsa ya raunana, ya nemi bizar fita ta ƙarshe a farkon wannan shekara ta 2012. Na'ibi da kansa ya gyara masa ɗaki a gidan mahaifinsu.

Da jama'a suka ragu na durƙusa gabansa na ce, "Baba, zan rubuta wannan." Sai ya ce, "Ɗana, in ka rubuta, kada ka ƙara komai. Kuma ka sa sunan Inna. Ita ta ba da izini."

Na sa, Baba. Mun gode maka, mu Hausawan Jidda, na Sudan da na Nijar da na Cadi da na Nijeriya. Allah ya zaunar da kai Mai Wurno lafiya, ya jiƙan Inna A'i, ya haɗa fuskokinku a inda ba a rabuwa.

Ku kuma 'ya'yanmu da kuka yi karatu a ƙasar nan, kuna karanta Larabci fiye da yadda kuke jin Hausa, tsofaffin nan suna nan da ledojinsu, kuma wata shekarar haraji na tafe. Ubale ya ce bai ɗauke teburin ba. Wani a cikinku ya je ya zauna, ya tambayi tsoho abin da kamfani ke ba shi, in ya ce ba komai, ya yi haƙuri ya sake tambaya.