Duban wata a kan Dutsen Baiyun

A shekarun da muka fara zuwa Guangzhou saro kaya, kafin shekarar dubu biyu, mu ƙalilan ne a masauki ɗaya, kuma ni ne babba. Da Sha'aban ya kai ashirin da tara, sai aka zuba mini ido: gobe a tashi da azumi ko a'a? Wani ya ce a bi kalandar Musulmin garin. Na ce ban taɓa ɗaukar azumi da takarda ba, wata da ido ake ganinsa.

A unguwar Xiaobei, inda masaukinmu yake, benaye sun tare yamma, don haka bayan la'asar na ɗauki abokin fataucina, wani mutumin Maraɗi, muka nufi Dutsen Baiyun.

Da farko aka sa muka yanki tikiti, kamar masu shiga silima. Bayan haka mai gadi ya hana ni karya reshe in yi sanda, wai itatuwan na hukuma ne. Sannan muka fara hawa, ni da babbar riga da takalmi sau-ciki, tsofaffin mata suna wuce mu, wasu ma da baya da baya suke tafiya, wai don lafiya. A Kano mutum ba ya hawa Dala sai da dalili. Su kuwa hawan ne dalilin.

Muka isa sama, muka yi magariba. Yamma duk hazo da hayaƙi. Can sai abokina ya daka kabbara.

"Alhaji, ga shi! Wallahi ga shi!"

Tsofaffin wurin, da yake al'adarsu ce su yi ihu a kan dutse don buɗe ƙirji, suka amsa masa da ƙarfi.

Na ce, "Malam, watan naka tafiya yake yi."

"To ai sabo ne, Alhaji, bai zauna ba."

Jirgi ne ya tashi daga filin jirgin saman da ke gindin dutsen.

Na yanke hukunci yadda aka koya mini: ba a gani ba, a cika talatin. Da safe muka karya da shayi da burodi. Muna cikin wanke kofuna aka bugo waya daga Kano, an ga wata tun jiya, a ƙofar gida, ba wanda ya hau ko turmi.

Bayan Salla muka rama kwana ɗaya. Har yau ina kan bakana, an bi ƙa'ida daki-daki.