Jirgin da Surukina Ya Yaba

Edita, a shekarun da aka dawo da Shari'a ni ɗan kasuwar shanu ne a Mai'aduwa. Allah ya buɗa mini, kaina ya kumbura. Zirga-zirgar hanya ta ishe ni, sai na ƙudurta sayen ƙaramin jirgin sama mai inji biyu, na hannu, tunda ƙanena ya koyo tuƙin jirgi yana zaune ba aiki.

Surukina, mahaifin matata, shi ya kawo maganar jirgin wani amininsa. Ya yi ta zuba yabo, wai ko inji ɗaya ya mutu ɗayan zai kai mu gida. Ƙanena ya roƙe ni in bari injiniya ya buɗe injinan kafin a yi ciniki. Ni da ko bijimi ba na saya sai na buɗe bakinsa na ga haƙora, na kasa. A ƙasar Daura wa zai dubi surukinsa a gaban dattawa ya ce bari ya bincika abin da ya yaba? Aka sallama, na karɓa, aka shafa fatiha. Da ƙanena ya sake magana, tsawa na daka masa.

Mun taso daga Katsina za mu Maiduguri, muna saman Baure injin hagu ya yi tari ya mutu. Na dama ya kasa riƙe mu. Ƙanena ya yi ta fama har ya sauke mu a wata gonar gero. Ni ƙwarzane kawai na samu. Shi ƙashin bayansa ya karye, har yau a keke ake tura shi.

Daga baya ta fito cewa injinan sun daɗe da lalacewa, kuma surukina ya sani sarai. Mutumin nan ya shigo asibiti da babbar rigarsa, carbi a hannu, ya ce mana ƙaddara ce. Wallahi na tsane shi, kuma ban yafe ba. Na tashi kai shi kotu, matata ta durƙusa tana kuka, na fasa.

Jama'a, abin da zai ɗauki rai a kai wa masani ya duba, ko uban wa ya yaba shi. Ni na ji kunyar dattijon banza, ƙanena ya biya da ƙafafunsa. Kullum ni ke ɗaukarsa in sa a keke, kuma bai taɓa cewa ai ya faɗa mini ba.