Duwatsun Baffa Ba Shara Ba Ne

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka rufe mijina, wanda mutanen Yelwa suka sani da Baffa Dillali. Ni ban yi boko ba, maƙwabciyata ce ke rubuta abin da nake faɗa. Na ce ta rubuta har da zafinsa, kada ta sanyaya mini ko kalma ɗaya.

Lokacin da aka kai ni gidansa, Baffa wuta ne. A kasuwar shanu, idan ya ɗaga murya, har bijimai sai sun waiwayo. Wata rana, kan gardamar wani maraƙi, ya ɗaga sanda ya fasa wa amininsa goshi. Aminin bai rama ba, bai kai ƙara ba. Ya dai tattara iyalinsa ya koma Betso, can ya rasu ba su sake gaisawa ba.

Daga ranar Baffa ya ɗora wa kansa doka. Duk sa'ad da zuciya ta taso masa, sai ya cire takalmi, ya taka da ƙafa har mayo, wato kogin garinmu, ya ɗauko dutse guda, ya dawo ya ajiye shi gindin katanga. Kafin nan ba ya ce wa kowa uffan. Rana ta ƙona masa tafin ƙafa, mutane suna dariya, shi ko a jikinsa. Shekarar farko tsibin ya kai gwiwata. Daga baya sai wata ya wuce babu dutse, sai damina guda ta wuce babu. Aka ce hali zanen dutse. Shi kuwa yakan ce, je ki mayo ki ga abin da ruwa ya yi wa dutsen.

To, ku ji abin da ya tashe ni. Jikana Hamidu, mai tuƙa Keke Napep, ya mari ƙaninsa Sali a tsakar gida har haƙori ya fita, wai don ya ɗauki keken bai tambaya ba. Sali ya kwashe kayansa ya tafi Gella wurin kawunsa, wata biyu ke nan ko waya ba ya ɗauka. Na kira Hamidu. Ya tsaya mini ƙerere ya ce, "Kaka, zuciyar Baffa na gada. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

Na ce, "Rufe mini baki, marar kunya! Zuciyar ka gada, ƙafar fa?"

Wannan ce cutar da ake yi wa mamaci. Wutarsa kowa ya riƙe, amma shekara arba'in da ya yi yana kashe ta, babu mai tunawa. Yau ko'ina ka juya sai ka ji "haka nake, haka Allah Ya yi ni." Ƙarya ne! Gona ma haka Allah Ya yi ta da ciyawa, ai ba a barin ta. Da Baffa zai leƙo ya ji ana rantsuwa da sunansa a kan jinin ɗan'uwa, na san mayo zai nufa.

Shekaranjiya kuma na tarar Hamidu ya kawo baro zai kwashe duwatsun, wai yana neman wurin ajiye keke. Abin da ya zo bakina, da na furta shi, da ya bi yaron har kabari. Sai na cire silifas. Da waɗannan gwiwoyin nawa na je mayo, sau huɗu ina zama a hanya. Na dawo da ɗan dutse, na ɗora a kan tsibin yana kallo.

Na ce, "Wannan nawa ne. Naka yana can bakin ruwa. Ka ɗauko shi, sannan ka kama hanyar Gella."

Baffa bai bar shanu ba, bai bar bene ba. Tsibin nan ya bari, kowane dutse mari ne da ba a yi ba. Baron yana nan inda Hamidu ya yar da shi. Takalmansa kuwa har yanzu suna ƙafarsa, ni kuma ina zaune a bakin ƙofa, su nake kallo.