Léonie a Sirdin Gaba

Duk faɗin kwarinmu babu macen da ta kai Léonie Barnéoud ganin duniya. Ta tsallake duwatsun Izoard da Galibier sau ba adadi, ta haye dutsen Agnel ta gangara Italiya, ta leƙa Suwizalan ta dawo, duk da ƙarfin ƙafarta. Sai dai a kan keke mai ɗaukar mutum biyu ta yi wannan yawo, a sirdin baya, kuma wanda ke sirdin gaba mijinta ne Anselme, kafinta, mutum mai faɗin baya kamar ƙyauren coci. Mafi yawan abin da ta gani a shekara arba'in da wani abu, rigar ulu ce shuɗiya wadda ita da kanta ta saƙa.

Anselme ya riga mallakar keken kafin ya mallaki matar. Na hannu ya saya a Briançon yana saurayi, ya yi bazara guda yana zagaya gari da shi, sirdin baya babu kowa, mutane suna tambayarsa inda ya yar da abokin tafiyarsa. Kullum da yamma sai sarƙarsa ta sami matsala daidai ƙofar gidan cuku, inda Léonie ke aikin juya manyan curin cuku tana hawa da su daga ɗakin ƙasa.

"Wannan sirdin babu kowa a kansa," ya ce mata wata rana, yana duban sarƙa.

"Na gani."

"Asara ce."

"To ka ɗora akuya mana."

Da kaka ta zo aka ɗaura musu aure.

Keken mutum biyu yana da nasa tsari. Na gaba shi ke da kan keke, da birki, da giya, da ra'ayi. Na baya feda kawai gare shi, sai wani ƙarfe da zai riƙe wanda ba ya juyawa ko'ina. Léonie ta ɗauki sirdinta ta mai da shi gida. Aljihunan bayan rigar Anselme su ne kicin ɗinta: busasshen ɓaure a hagu, burodi da cuku a tsakiya, dafaffen ƙwai a dama. Tana taka feda tana ɓare ƙwai, ta miƙa masa ta ƙarƙashin hammata, shi kuma ya karɓa yana bayanin yadda ya kamata a shiga kwanar da ke tafe. Duk ƙauyen da suka ratsa kuwa, sai an sami wani mai hikima a bakin hanya ya ɗaga murya:

"Maigida, ta bayan ba ta takawa!"

Kowannensu yana zaton shi ya fara faɗa. Léonie takan ɗaga masa hannu da fara'a. Ta taɓa gaya mini cewa a Italiya ma an faɗa mata, ba ta jin harshen amma ta gane fuskar.

Haka suka tsufa. 'Yarsu ta yi aure a Grenoble, gidan cuku ya sayi inji mai juya cuku, keken ya sha fenti kala uku.

Idanun Anselme ba dare ɗaya suka tafi ba. Tsakiyar abin da yake kallo ce ta fara dushewa, gefe-gefe ya rage masa. Bai gaya wa kowa ba. Léonie ta gane ne ranar da ya cire hula ya gai da tulun madara a ƙofar maƙwabta, har ya tambayi lafiyar yara. Ita ma ba ta gaya wa kowa ba, har shi. Abin da ta yi shi ne ta koyi leƙa hanya ta gefen kafaɗarsa, sannan ta zama mace mai mita.

"Dubi wannan ramin na hannun dama, har yau magajin gari bai cike shi ba!"

Anselme ya karkata hagu.

"Ga motar katako can tafe, kullum a tsakiyar titi kamar na ubansa."

Anselme ya raɓe.

Bazara guda ta yi tana zagin magajin gari, mutumin kirki da bai taɓa yi mata komai ba. Anselme yana cewa a shagon kofi, tsufa ya sa matarsa surutu.

Tumaki ne suka tona asiri. Lokacin saukowarsu daga tudu ne, garke guda, toka-toka a kan toka-tokan kwalta, Léonie kuwa ta sunkuya tana neman gishirin ƙwai. Suka faɗa tsakiyar garken. Anselme ya sauka a kan tunkiya, bai ji ko ƙwarzane ba. Léonie ta sauka a kan kwalta, ta karye a wuyan hannu.

Da suka dawo daga asibiti ya ɗauki keken shi kaɗai, ya rataye shi a rufin shagonsa, ya kulle shagon. Likitan ido ya faɗa masa abin da ya riga ya sani. Dusar ƙanƙara ta rufe mashigar dutse kamar kowace shekara, shi ma ya rufe bakinsa. Mutumin da ke da ra'ayi a kan gishirin miya da siyasar ƙasa da iskar taya, ya koma zama a bakin taga, fuskarsa wajen dutsen da ba ya gani sosai. Yana cin abin da aka ba shi. In ta ce gobe za a yi sanyi, sai ya ce to. Wannan "to" ɗin shi ya fi tayar mata da hankali. Ta ce mini ta ga yadda shanu ke yi in sun daina sha'awar ciyawa, kuma ta san inda abin ke ƙarewa.

Da hannunta ya warke, ta saci mabuɗin shagon, ta kira Fortuné mai gyaran keke.

"Ka sauke mini sirdin gaba, ka ɗaga na baya."

Fortuné ya dube ta sama da ƙasa, aikin da bai ɗauke shi lokaci ba, don Léonie ba ta da tsawo.

"Inna, kin taɓa riƙe kan keke?"

"Na taɓa goge shi."

"Na gaba shi ke ɗaukar nauyin keke duka in an tsaya. Mijin nan naki kuwa ba tsuntsu ba ne."

"Ni na ciyar da shi, na san nauyinsa. Yi aikinka, ɗan nan, na san ka tun kana fitsarin kwance."

Ya yi aikinsa.

A filin ƙwallon makaranta ta koyi tuƙi, da buhu biyu na dankali ɗaure a sirdin baya. Ta faɗi, ta tashi, ta tsince dankali. Ta shiga ragar gola. Bayan wasu makonni ta fito titi, ta ratsa ta gaban shagon kofi a hankali, harshenta a waje, buhunan suna rangaji a bayanta. Tsofaffin da ke shan hantsi suka miƙe tsaye.

"Léonie, wannan sabon mijin ya fi na da kunya!"

"Ya fi shi kyau ma!"

"Madam, na bayan ba ya takawa!"

A wannan karon dai gaskiya suka faɗa.

Labari ya riga ta isa gida. Ta tarar da Anselme a tsaye, karo na farko a watanni da ta gan shi ba a kujera ba.

"Kin ɗora dankali a kekena."

"A sirdina na ɗora."

"Gari duka ana yi mini dariya!"

"Dankalin ake yi wa. Kai ai ba ka fita, wa ya gan ka?"

"Ni Anselme, in zauna a baya kamar kaya? Mace ta ja ni?"

"Ni da na zauna shekara arba'in, kaya ce?"

 Ta cire takalmi, ta zauna tana murza gwiwa.

"Tsoho, dankali ba ya taka feda. A fili ina iya jan sa, amma dutse ya fi ƙarfina ni kaɗai. An ce mako mai zuwa za a buɗe hanya. Ƙafa nake nema. In ba ka da ita, in tambayi Fortuné."

"Fortuné? Wannan mai ƙafar sauro?"

Ranar Lahadin da ta biyo bayan buɗe hanya suka fita da hantsi. A can sama ƙanƙarar da motar hukuma ta yanka tana tsaye gefe da gefe kamar bango, ruwanta yana bin kwalta. Tashin farko bai yi kyau ba. Duk kwanar da suka zo, Anselme sai ya murɗa ƙarfen da ke hannunsa da iyakar ƙarfinsa, ƙarfen bai san yana yi ba, keken kuwa ya yi tangaɗi.

"Daina tuƙi!"

"Ba na tuƙi!"

"Ina jin ka a ƙuguna!"

Bayan sun wuce gidajen ƙarshe suka shiga daji, hawa ya yi hawa, numfashi ya fi ƙarfin gardama. Sarƙa ɗaya ce ta haɗa fedar gaba da ta baya, ƙafa huɗu suna juyawa tare ko sun so ko ba su so ba. Anselme ya laluba aljihun rigarta ya sami ɓaure a hagu. Ya ci ɗaya, ya miƙa mata ɗaya ta ƙarƙashin hammata, ya sa mata a hanci, ta gyara da kanta.

Can wajen da itatuwa ke ƙarewa, inda hanya ke miƙewa tsaye, ya ji wani abu a tafin ƙafarsa. Fedar ta yi nauyi kaɗan, kamar an ɗora mata hannu. Léonie ba ta nuna komai ba, amma ƙafarta ta hagu ta fara sanyi. Ya ƙara ƙarfi ba tare da ya yi shawara da kansa ba, nauyin ya wuce.

Suka sha kwanar hanya biyu ko uku a haka.

"Léonie."

"Mene ne?"

"Daga nan baya, ashe ana jin lokacin da na gaba ya gaji."

"Ana ji."

"Duk shekarun nan kina ji?"

"Kafin kai ma ka sani."

"Ranar Galibier, da na ce miki ban taɓa jin ƙarfi irin na ranar ba?"

"Taka feda, tsoho."

Ya taka. Wasu samari 'yan Holan da suka wuce su a kan kekuna marasa nauyi sun ba da labari a gari cewa sun ga wani dattijo a sirdin baya yana share fuska da hula, suka ɗauka gumi ne.

A saman mashiga iska tana yanka kunne. Suka ci burodi da cuku a bayan wani dutse, suka cusa tsofaffin jaridu a ƙirjin rigunansu saboda sanyin gangara. Sai Léonie ta je bakin hanya ta leƙa ƙasa. Ba ta taɓa ganin gangaren nan daga gaba ba. Hanya ta nannaɗe kamar igiyar da aka yar, babu shinge a wurare da yawa, ƙauyenmu can ƙasa kamar an zubar da ashana. 

"Anselme, mu tura shi a ƙafa."

"A ƙafa? Sai gobe mu isa."

"Ba zan iya ba. Birkin nan, in na matse da yawa, in ban matse ba..."

Ya lalubo hannuwanta ya riƙe su a cikin nasa har suka yi ɗumi.

"Yarinya, hanyar nan tana cikin kaina kamar tsakar gidanmu. Ke ki riƙe birki, ni zan faɗa miki komai. Inda za ki matse, inda za ki saki. Ba sai kin yi tunani ba."

Ta dube shi. Kafaɗunsa sun koma inda suke a da.

"To," ta ce. "Ka faɗa da ƙarfi."

Da ƙarfi kuwa ya faɗa. Masu kiwo a can gefen dutse sun ji shi. "Matse! Matse na baya! Kwanar hagu, buɗe ta! Saki! Saki mana, ba jana'iza za mu ba! Gada tafe, akwai tsakuwa!" Lokaci-lokaci sai a ji siririyar muryar Léonie daga gaba: "To!" Suka sauko a hankali, birki yana ƙauri, har wata motar yawon buɗe ido ta gaji da bin su ta tsaya ɗaukar hoto. Amma a kan keke suka shigo gari, su biyu, babu wanda ya sa ƙafa a ƙasa.

A shagon kofi Anselme ya ƙi zama. Ya zare jiƙaƙƙiyar jarida daga ƙirji, ya yi odar jan giya kofi biyu, ya bayyana wa jama'a cewa ido ba komai ba ne a tuƙi, ƙwaƙwalwa ce tuƙi. Ya sake sauko da su dutsen da baki, kwanar hanya ɗaya bayan ɗaya, yana kwatantawa da hannu, har ya ture sukarin wani. Ya ce matarsa tana da biyayya, in an ba ta umarni mai kyau. Daga nan ya wuce kan magajin gari, da farashin katako, da yadda Fortuné ya ɗaure sirdi a karkace. Léonie tana zaune kusa da shi tana ɓare ƙwan da ya rage, tana kallon bakinsa yana motsi kamar mai kallon ruwan farko.

Shekara uku ke nan suna haka, duk Lahadin da hanya take a buɗe. Ya sake buɗe shagonsa, yana yin akwatunan zuma da laluben hannu. Masu keke daga nesa sukan tsaya su gai da makahon da ke sauko da matarsa daga Izoard da ka, shi kuma ba ya rowar bayani.

Léonie tana sa na'urar ji a kunnuwanta biyu, in babu ita ko tsawa ba ta ji. Iskar gangara tana sa na'urar kuka, don haka takan cire ta a saman dutse ta sa a aljihu, sai sun iso gari take mayarwa.