Gwanin Gaisuwa

Tun yana ƙarami aka san Auta da ruwan ido. In aka ba shi zaɓin takalmi, sai ya gwada na shagon kaf, ya dawo gida da tsohon silifas ɗinsa. To ga shi ya gama jami'a a fannin kwamfuta, aka ce sai ya riƙe yare ɗaya cikin yarukan da ake ba na'ura umarni da su, wanda zai ci abinci da shi. Nan fa ake yin ta.

Ya fara da Python. Wani abokinsa ya ce ai Java ake yayi, ya tattara ya koma can. Wani a intanet ya rantse JavaScript ke kawo aiki, ya sake sheƙa. A wannan sana'a, darasin farko a kowane yare shi ne ka sa kwamfuta ta rubuta gaisuwa, Auta kuwa bai taɓa wuce darasin farko ba. Kwamfutar ta zo ta fi ɗan takara iya gaisuwa.

Kuma ba tasa ba ce, ta yayansa ce mai shagon fotokwafi. Da aka kira Auta ganawar neman aiki, Yaya ya gindaya sharaɗi: in bai samu ba, zai karɓe kayansa, Auta ya zo ya tsaya gaban injin. Duk duniya ba abin da Auta ya tsana kamar injin nan mai zafi da warin tawada.

Inda aka kira shi ƙaramin kamfani ne a saman bene, masu yi wa shagunan magani manhaja. Shugabar ta dube shi ta saman tabarau.

"Wane yare ka iya?"

"Ranki ya daɗe, ai duk na taɓa."

Ya buɗe kwamfuta ya shiga nuna mata. Wannan yare ya gaishe ta, wancan ya gaishe ta.

"Mun amsa, mun amsa," in ji ta. "Wanne ya taɓa ɓata maka rai?"

"Ko ɗaya," ya ce, har da murmushi.

"To ba ka san ko ɗaya ba. Ranar da wani ya sa ka kusa jefar da kwamfutar, ka dawo."

Kunya ta rufe shi har gida. Don haushi ya buɗe Python, ya ce sai ya rubuta abin da zai riƙa tuna wa mahaifiyarsu lokacin shan maganin hawan jini. Abu ya ƙi. Ya gyara nan, can ya ɓalle.

Washegari da yamma Yaya ya zo karɓar kayansa, ya ji ihu daga ɗaki: "Wallahi ƙarya kake! Ina layin ya karkace?"

"Umma, da wa yake faɗa?"

"Da yaren nan. Tun safe suke yi, ko abinci bai ci ba."

"Mun fa yi da shi, Umma."

Ta ja kujera ta zauna a bakin ƙofar ɗakin.

"Ƙyale masa. Zo mu zauna ai zo mu saɓa ne. Tun da na haife shi, yau na fara ganin abu ya ɓata masa rai bai tashi ya bar shi ba."