Fentin Jirgin Anti Rifkatu

Cikin duk ayyukan da suka biyo ta hannuna a wannan wurin gyaran jiragen ruwa, ranar da ba ta fita raina ita ce ranar da aka jawo mana wani jirgi a bayan motar haya. Ƙarshen watan Satumba ne, lokacin ban daɗe da zama shugaban masu fenti ba. Ina sanye da takunkumi ina goge wani jirgi, sai na ji muryar mace tana cewa direba, "A hankali mana, bawan Allah, ba buhun masara ka ɗauko ba!"

Hausa, a bakin ruwan Bronx! Na cire takunkumin na fito da sauri.

Sunanta Anti Rifkatu, nas ce, 'yar Kafanchan, tana zaune a unguwar Morrisania. Da hannunta ta ƙera jirgin a garejin wani ɗan cocinsu, ƙaramin jirgi mai ƙyalle, irin wanda iska ke turawa. Ta ce kullum in ta taso daga aiki, daga saman gada takan hango irinsu a kan ruwa, har ta sayi zanen ƙira ta fara. Jikinsa faiba ne da epoksi, wato zaren gilashi da ake jiƙawa da wani danƙo mai sandarewa kamar dutse. Na shafa gefensa, na zagaya, na sake zagayawa. Wallahi aikin ya yi.

Sai ta buɗe mota ta nuna mini gwangwanaye. "Malam Sani, ga jelkot na sayo. So nake ya yi ƙyalli irin na kamfani, kore shar mai duhu."

Ku sababbin masu fenti, ku riƙe wannan. Jelkot shi ne fatar nan mai sheƙi ta jiragen kamfani, amma a cikin mazubi ake fesa shi tun kafin a zuba faiba. In aka ɗora shi a kan epoksi, wani lokaci ya kama, wani lokaci ya ƙi bushewa ko ya ɓare. Duhun launi kuma yana shan rana, zafi kuwa yana sassauta epoksi. Na faɗa mata haka, fuskarta ta canza.

"Mai garejin ya karɓi wurinsa," in ji ta. "Sanyi kuma ga shi tafe. In bai shiga ruwa bana ba, ban san inda zan kai shi ba."

Na je wurin maigidanmu, wani tsohon Bature mai ƙarancin magana, na roƙi rumfar fenti ta ƙarshen mako. Ya fito ya duba jirgin, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa. Ya tambaye ta, "Ke kika yi?" Ta ce ita ce. Ya ce da ni, "Ba ta rumfar. Amma ku gwada tukuna."

Ta kawo guntayen faiba da suka rage mata. Muka shafa wa ɗaya jelkot ɗinta, sauran muka yi musu fenti mai haɗi biyu, ɗaya kore mai duhu, ɗaya ruwan madara. Da suka kwana biyu ta dawo, muka karce kowanne da reza, muka manna salatif muka fizge. Na jelkot ya biyo salatif ɗin kamar ɓawon albasa. Na fenti ko gezau. Sai muka shanya koren da mai ruwan madarar a rana. Bayan azahar ta ɗora tafin hannu a kan koren, ta janye da sauri.

"Kai! Wannan ai zazzaɓi yake yi!"

Ta kalli guntayen, ta ce, "To, jiki ruwan madara. Amma korena ba zan bar shi ba." Muka shirya a kan layi ɗaya na kore a saman gefe, mai faɗin tafin hannu.

Ranar Juma'a muka wanke jirgin da ruwan ɗumi, don epoksi yakan fitar da wani maiƙo da ido ba ya gani, muka goge da samfefa, muka sa fentin ƙasa, wato shafar farko. Ranar Asabar na yayyafa ruwa a daɓe don kada ƙura ta tashi. Ba mu fesa ba. Ni na riƙe rola ina gaba, ita tana bina da busasshen buroshi tana share kumfa, sau ɗaya tak a kowane wuri. Da farko takan so ta sake bin inda ta riga ta wuce. Na ce, "Anti, kada ki koma baya, fentin zai kwanta da kansa." Kafin mu kai tsakiyar jirgin ita ke cewa, "Yi sauri, Malam, yana bushewa!"

Da muka kai ƙarshe muka ja baya. Fentin ya kwanta sumul, fitilun rumfar suka bayyana a jikinsa ɗaya bayan ɗaya. Ta matso ta ga fuskarta a ciki, ta saki guɗa har maigida ya leƙo daga ofis.

Cikin Oktoba muka sauke shi a ruwa. 'Yan cocinsu sun zo da kulolin shinkafa, ni ma na gayyato abokaina biyu daga masallacinmu na unguwar Highbridge. Iska ta cika ƙyallen, jirgin ya karkata kaɗan, ya yanki ruwa ya tafi. Mu da ke kan gaɓa muna ta ihu kamar an ci ƙwallo.

Abin da na ɗauka daga aikin nan shi ne, wanda ya ƙera abu da hannunsa ba a raba shi da ra'ayinsa da baki. Ka ba shi guntun faiba da reza, ka koma gefe, ya gani da idonsa. Kuma in hali ya yi, ka miƙa masa buroshi. Shafar ƙarshe tasa ce.