Kujerar da Ke Zauren Yaya Isiyaku

Ban gane Yaya Isiyaku ya rasu ba sai da na ga hularsa a hannun wani. Ina tsakar gida da hantsi ina tsintar riɗi, na ji mota ta tsaya a ƙofa, na ji muryoyin maza ƙasa-ƙasa. Ban kawo komai a raina ba, domin zaurenmu ba ya rabuwa da baƙi. Sai ɗansa Sabo ya shigo ya tsaya a bakin rumfa, riƙe da hular. Yaya ba ya ba kowa riƙon hularsa, ko alwala zai yi a gwiwarsa yake ɗora ta. Na ture faifan na yi salati tun kafin yaron ya buɗe baki. Daga baya aka gaya mini a tashar Gagarawa ya yanke jiki ya faɗi yana jiran motar Gumel, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa.

Ni ƙanwarsa ce. Tun da mijina ya rasu ya ɗauko ni ya ba ni ɗaki a gidansa. Karatuna bai wuce firamare ba, saboda haka masu ilimi su yi mini afuwa, abin da na gani kawai zan faɗa.

Yana saurayi ya yi karatun aikin gona a ƙasar Sudan. Da ya dawo ya daɗe a zaune ba aiki, ga takarda a hannu. Yakan ce a lokacin duk ofishin da ya shiga sai ya miƙa takardun ya sunkuyar da kai, yana jira su yi magana a madadinsa. Wannan zaman bai taɓa fita daga ransa ba. Shi ya sa da ya yi ritaya daga sashen aikin gona, ya buɗe zaurensa ga yaran Nijar da ke tsallako iyaka su yi karatu a garin nan, da namu da suka dawo daga karatu a waje. Bai taɓa zuwa ya roƙa wa yaro aiki ba. Cewa yake wanda aka roƙa wa aiki, a kan roƙo zai zauna har ya bar wurin.

Abu na farko da yake hana su shi ne ɓoye asalinsu. Da yawa in sun zo neman aiki sai su danne Hausar Damagaram, su ƙi faɗin sun iya Faransanci, don kada a ce baƙi ne. Ranar Alhamis sai ya kwashe su zuwa kasuwar Maigatari, ya tsayar da su tsakanin fataken ƙetare da masu saye daga kudu, su yi tafinta, su wuni cikin ƙurar dabbobi. In sun dawo ya ce da su, “Takarda kowa na da ita. Kai ka san gari biyu, ka san yadda ake ciniki a kowanne. Shi za ka fara faɗi.”

Sai maganar kunya. Akwai wani Musa, mutumin Magarya, wanda ya je ganawar neman aiki ya cire takalmi a ƙofar ofis, ya durƙusa, aka nuna masa kujera ya ƙi hawa. Duk tambayar da aka yi masa sai ya ce sai yadda kuka ce, ranka ya daɗe. Da ya ba da labari Yaya ya yi dariya har da hawaye, sannan ya ce masa tarbiyyarsa ba ta da laifi, ya gaishe da manya yadda iyayensa suka koya masa, amma in an gama gaisuwa ya hau kujerar.

Daga nan ne aka fara sa kujera a zaure ana gwaji. Da farko Yaya ne yake zama mai ɗaukar aiki, sai ya ga yaran sun saba da shi, kuma tausayinsa ya yi yawa, yakan ƙarasa musu amsa. Rannan ya leƙo ya ce, “Asabe, zo ki zama manaja.” Na ce ni da ko Turanci ban iya ba? Ya ce dalilin ke nan, duk wanda ya iya gaya mini abin da ya iya da Hausa har na gane, to ya shirya. Haka na zama manaja da zanin girki. Yaran suna ce mini Tanti Manaja, wato Gwaggo Manaja a bakin mutanen Nijar, wani in ya shigo har da sara mini. Tambayata ɗaya ce: me ka taɓa yi da hannunka? Musa yanzu yana aiki da wani kamfanin jigilar kaya, ya zo gaisuwa ya ce har gobe in zai shiga ofis fuskata yake tunawa.

Ta ƙarshe a hannunsa ita ce Zainabu, yarinya daga Damagaram wadda ta gama karatun kasuwanci. Ita ta haɗa kan wasu mata a Ɗanzomo suka riƙa gyara riɗinsu tare suna kaiwa kasuwa a dunƙule, maimakon kowa ta sayar da nata a ƙofar gida. Wani kamfanin sayen riɗi a Gagarawa ya kira ta ganawa ranar Laraba mai zuwa. In ba ta samu ba gida za ta koma, domin iyayenta sun ce zaman ya isa haka. Amma duk sanda na tambaye ta me ta yi, sai ta dubi ƙasa ta ce matan ne suka yi ƙoƙari. Yaya ya ce mata, “’Yata, sun yi. Ke fa? Faɗin gaskiya a kan kanki ba alfahari ba ne.” Ta yi murmushi ta rufe fuska da mayafi. Ya ce ba komai, akwai sauran lokaci.

Saboda ita Yaya ya je Gagarawa ranar da ya rasu. Al’adarsa ce kafin yaro ya je ganawa, shi ya fara zuwa ya zauna kusa da wurin, ya sha shayi da direbobi da masu dako, ya ji abin da ke damun masu wurin, don yaron ya san ta inda zai yi musu amfani. Abin da ya jiyo ran nan, da shi ya tafi. Zainabu ta san haka. Tun ranar take zaune a ɗakina tana cewa ita ce sanadi, kuma ba za ta je ba. Na ce mata kwanansa ne ya ƙare, kuma in ta ƙi zuwa, tafiyar tasa ta ƙarshe ta tashi a banza ke nan. 

Allah ya jiƙan Yaya Isiyaku, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa. Yadda ya buɗe wa ’ya’yan mutane ƙofa, Allah ya buɗe masa ta Aljanna. Allah ya ba matarsa Yaya Hadiza da Sabo da ƙannensa haƙuri, ya raya abin da ya bari, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen.

Masu zaman makoki sun fara raguwa. Ɗazu na sa Sabo ya naɗe tabarma ɗaya ya mayar da kujerar wurinta. Zainabu har yanzu ba ta buɗe baki ta ce “ni na yi” ba, kuma Laraba na tafe.